Kofin da Mola Njie Bai Taɓa Ba

Tun da aka binne Enanga, yayanta Mola Njie bai sake taka gidan ba sai ranar nan da la'asar, ana yayyafin nan da ba ya gajiya na Buea, garin da ake kiran kowane dattijo Mola. Mola Efange, mijin marigayiyar, ya san abin da danginta ke faɗa a bayan idonsa: wai mace lafiyayya ba ta faɗuwa ta mutu haka kawai. Likita ya ce ciwon zuciya ne, amma wa zai saurari likita alhali ga miji a kusa?

Duk da haka ya ji daɗin zuwan. Ya zaunar da baƙon a falo, ya shiga kicin. Tsohon malamin makaranta ne, ba ya yin abu da ka. Ya ciro dogayen kofunan gilashi biyu daga firji, ya cika su da ƙanƙara, ya zuba wiski kaɗan, sannan ya karkata kwalbar soda, ruwan ya gangara a hankali ta jikin gilashin don kada kumfar ta mutu. Ya juya da cokali sau ɗaya tak, ya murza ɓawon lemun tsami a kai. Rabonsa da haɗa kofi biyu tun Enanga tana da rai.

Mola Njie ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ajiye a tebur. Ya yi zancen ruwan sama, da tsadar gwaza, da ciwon gwiwarsa. Ƙanƙara tana ta narkewa. Ya kalli ƙofar kicin, ya kalli kofin, ya sake kallon ƙofar.

Sai a lokacin Efange ya gane. A garin nan ba a kawo wa mutum abin sha a buɗe, a gabansa ake buɗe kwalba. Ya san haka sarai. Bai dai taɓa zaton dokar ta shafi mutumin da ya ci abinci a gidan nan har ya ajiye tumbi ba.

"Mola, ba ka sha ba."

"Cikina ne kwanan nan, Ticha. Sai lallaɓawa."

"Cikin da ke kwashe tukunyar ƙanwarka duk Lahadi?"

Ya miƙa hannu ya ɗauki kofin baƙon, ya shanye yana kallonsa ido cikin ido. Sodar ta riga ta salance, wannan ma ya ƙara masa haushi. Ya koma ya zauna, ya harɗe hannuwa kamar mai jiran mota a tasha.

Da aka jima bai faɗi ba, fuskar Mola Njie ta sake. Ya yi 'yar dariya, ya ce cikin ma ya ɗan lafa, a fito da kwalbar nan falo su sha tare, a zuba wa Enanga nata a ƙasa.

Efange ya miƙe, ya buɗe ƙofar waje.

"Kwalbar tana kicin, Mola, kuma can za ta zauna. Je ka gaya musu na sha, ka bar ni a tsaye."