Kafet ɗin da Ya Fi Ɗaki

An yanka kafet ya ninka ɗakin wata Hajiya sau huɗu. Aikin ƙanin matar mai shago ne, shi aka ɗora kan kwamfutar da ke ajiye awon ɗakuna. Ɗakin murabba'in mita sha shida ne, tsawo da faɗi ɗaya. Da ya rubuta SQRT, umarnin da ke fitar da tsawon gefe daga murabba'i, da kwamfuta ta ba shi huɗu kowane gefe. Gogan ya ga raba biyu ya fi sauƙi, ya samu takwas.

"Yaya, wallahi na gwada da ɗaki mai murabba'in mita huɗu, biyu ta fito daidai!"

"Wato kowane ɗaki banɗaki ne a wurinka?" in ji mai shago.

Ranar aka ƙwace masa kujera mai juyawa. Yanzu shi ke hawa bene da kafet a ka.