Nemesio Mai Faci da 'Yan Kyanwa Uku

Nemesio bai taɓa kiwon ko kaza ba. Shekararsa sittin da biyu, talatin daga ciki a rumfarsa ya yi su, bakin titin da ke gangarawa teku a garin Barahona, yana facin tayoyin babura da na motocin ɗaukar ayaba. Wata Litinin da hantsi ya jawo tsohuwar tayar tirela zai share waje, sai ya ji kuka siriri daga cikinta. Ya leƙa. 'Yan kyanwa uku ne a dunƙule, biyu ruwan toka, ɗaya baƙa wuluk, kowacce ba ta wuce tafin hannunsa ba. Mai sayar da kofi ta gefensa ta ce ai uwarsu tun jiya mota ta banke ta a kwana.

Nan take ya tsallaka kanti ya sayo madarar shanu, ya zuba sukari har cokali biyu, don a ganinsa maraya sai da zaƙi. Suka sha har cikinsu ya yi ƙat. Duk wanda ya gifta sai Nemesio ya kira shi ya zo ya gani.

Washegari kwalin da ya kai su gida a ciki ya jiƙe sharkaf. Zawo ne, ruwa-ruwa, ga wari. Baƙar ko kai ba ta iya ɗagawa.

Matarsa Filomena ta toshe hanci ta ce, "To, ga aikinka nan. Ka tsaya kallona? Ɗauke su ka kai wa likita Yudelka!"

Ya ɗaure kwalin a bayan babur, ya yi ta danna ham kamar mai ɗauke da mace kan gwiwa, har ƙofar shagon likitar dabbobin.

Yudelka ta buɗe kwalin ta ce, "Baba Nemesio, me ka ba su?"

"Madara, 'yata. Mai kyau, sabuwa."

"Ta shanu? Haba! 'Yan maruƙa ka tsinta?"

Ta kama fatar wuyan baƙar ta ɗaga ta saki, fatar ta tsaya cak. "Ka gani? Ruwan jikinta ya ƙare." Ta yi mata allurar ruwa a ƙarƙashin fata, ta ɗiga wa dukansu maganin tsutsar ciki. Sannan ta miƙa masa garin madarar da aka yi don 'yan kyanwa, da ƙullin gishiri da sukari na haɗa ruwa, da sirinji marar allura.

"Kaɗan-kaɗan, duk awa biyu. Ka nannaɗe kwalbar ruwan ɗumi a tsumma ka sa musu, kada ka ba su komai jikinsu na sanyi. In sun gama ka goge musu gindi da jiƙaƙƙiyar auduga. In baƙar ta ƙi sha, ko ka ga jini, ka dawo da gudu."

Nemesio ya rubuta duka a bayan hannunsa da biro.

Daga ranar rumfar faci ta koma asibiti. Ya sa wa wayarsa ƙararrawa. Da ta buga, ko a tsakiyar ɗaure ƙafar mota yake sai ya jefar da sifana, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya zauna kan taya da sirinji. Abokansa na wasan domino, waɗanda ke zama ƙarƙashin mangwaron tsallaken titi, suka samu abin yi.

Ubaldo mai aski ya ɗaga murya, "Barka da jego, mutumina! Yaushe baftisma? A sa ni uban yara."

"Kai da ko ɗiyarka ba ka taɓa canza wa zanen goyo ba? Rufe min baki!"

Ranar Laraba masu tokar suka fara tsalle, suna cizon sirinjin. Baƙar dai shiru, sai ta lashi ɗigo biyu ta kwanta. Nemesio ya sa ta cikin aljihun rigarsa, yana aiki yana leƙa ta, yana cewa, "Sha mana, 'yar baƙa. Kada ki kunyata ni gaban mutanen nan."

Juma'a da azahar wani direba ya kawo masa taya. Nemesio ya danna tib ɗin cikin tayar a ruwa yana neman inda ya huje, sai ya hango baƙar tana tangaɗi, ta nufi rabin jarkar da ya cika musu da yashin bakin teku. Ta hau da ƙyar. Ta tona da ƙafa. Ta tsuguna.

Ya saki tib ɗin ya rarrafa ya leƙa.

"Ya yi ƙarfi!" ya kwarma ihu. "Jama'a, ya yi ƙarfi!"

Ya sungumi jarkar ya tsallaka titi da gudu, wani mai babur ya taka birki yana zagi. Ya dire ta tsakiyar teburin domino, ƙwayoyin wasan suka watse.

"Ku duba! Kamar ɗan tsiran alade!"

Ubaldo ya zabura da baya. "Ka haukace ne? Saura ƙwaya ɗaya in ci wasan!" Amma sai ga shi ya sa tabarau ya sunkuya. "Kai, gaskiya ne fa. Wannan kam na mai lafiya ne."

Sauran suka kwashe da dariya suna tafi, wani ya ce yau Nemesio ne zai sayi lemo. Shi kuwa har ya danna waya.

"Yudelka! Ya yi ƙarfi!"

"Mene ne ya yi ƙarfi, Baba Nemesio?"

"Kashin mana!"

Sai da ta gama dariya sannan ta ce kada ya saki jiki, ya ci gaba da madarar yadda ta ce, ya dawo da su bayan sati biyu a ƙara musu maganin tsutsa.

Daidai nan Filomena ta iso da kwanon shinkafa da wake. Ta dubi jarkar, ta dubi mijinta, ta ce ba zai taɓa abincin nan ba sai ya wanke hannu sau biyu a gabanta. Ta tsallaka zuwa rumfar da kanta, ta ɗauki baƙar ta rungume, tana kiranta jaruma.

Direban kuwa yana nan tsaye da hannu a ƙugu. "Malam mai faci, tayata fa?"

Ƙararrawar waya ta buga. Nemesio ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa, zauna ka ci shinkafa. Lokacin madara ya yi."