Sa Hannun Kocin da Aka Kora

Maigidana ya yi shekara ashirin da biyu yana alƙalancin wasan ƙwallon 'yan makaranta. Ranakun aiki malamin lissafi ne, ranar Asabar kuwa sai ya saka baƙar riga, ya rataya usur, ya fita. Ni ke wanke rigar, don haka na san irin gudun da yake sha.

Asabar ɗin da abin ya faru, makarantu biyu ne suka kara, wadda ta ci ta shiga wasan kusa da na ƙarshe. Kocin masu gida wani matashi ne da ake kira Dogo, mai son 'yan wasansa, sai dai akwai saurin fushi. Daf da hutun rabin lokaci maigida ya ba baƙi bugun fenariti. Dogo ya tsallako layi har tsakiyar fili, yana nuna shi da yatsa, ya kira shi makaho a gaban ɗalibai. Maigida ya zaro jan kati.

Dokar hukumar wasannin makarantu a kan wannan ba ta da kwana. Kocin da aka kora ba zai zauna a benci ba a wasa biyu masu zuwa, da zarar rahoton alƙali ya isa ofis.

Saura minti goma a tashi, wani ɗan wasan baya ya zame a ciyawa ya daki gwiwar maigida ta gefe. Ya faɗi, ya miƙe, ya ƙarasa wasan yana ɗingishi, masu gida suka yi nasara da ci biyu da ɗaya. Sai da ya busa usur na ƙarshe sannan ya zauna a ƙasa, ya kasa tashi. A asibiti likita ya ce jijiya ta tsinke, sai an yi tiyata.

Ranar Litinin na je ofishin hukumar. Sakatariya ta ce in kwantar da hankalina, duk alƙalan wasa suna da inshora. Ta ba ni fom mai shafi uku, ta sa bayan biro ta nuna mini wani layi a ƙasan shafi. Dole koci ko shugaban makarantar da aka yi wasa a filinsu ya sa hannu, ya shaida cewa a cikin wasa aka ji raunin. Tun da maigida ya ƙarasa wasan da ƙafarsa, kamfanin inshorar zai yi tambaya.

Washegari shugaban makarantar su Dogo ya zo gida dubiya. Ya samu maigida a kan doguwar kujerar falo, ƙafa a kan matashi, takardar rahoto a cinyarsa. Bayan gaisuwa ya gyara zama.

"Malam, yaron nan ya yi kuskure, na kuwa yi masa faɗa. Amma in ka rubuta kora, wasa biyun da suka rage mana ke nan. Ka ce gargaɗi ka yi masa. Fom ɗinku kuma, yau ɗin nan zan sa hannu."

Ina bakin ƙofar kicin ina jin su. Maigida ya cire tabarau ya goge.

"Ranka ya daɗe, ɗalibai ɗari uku sun ga katin nan. Ja ne. In na rubuta rawaya, me zan ce musu in sun kawo mini amsar lissafi ta ƙarya?"

"To, ka yi tunani," in ji shugaban, ya tashi. Fom ɗin ko taɓa shi bai yi ba.

Da ya fita na sauke wa maigida duk abin da ke cikina. Na ce ƙafar taka ce fa, ba ta hukuma ba. Ya ce ya sani, shi take yi wa zogi. Ya ninke rahoton, ya roƙe ni in kai. Na kai, ina tafe ina mita.

Ranar Alhamis takardar dakatarwa ta fito. Ranar Juma'a da hantsi aka yi sallama, na leƙa, sai ga Dogo, sai da ya sunkuya kafin ya shigo. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaida maigida.

"Baba, ina fom ɗin?"

Maigida ya ce, "Ka ga takardarka?"

"Na gani. Jiya na ji abin da shugabanmu ya zo ya faɗa, wallahi ba ni na aiko shi ba. Da kuka kore ni bayan wayar shingen fili na koma na tsaya, a kan idona yaron ya dake ku."

Ya cike wurin shaida da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza, ya sa hannu, har da lambar wayarsa. Sannan ya ba da haƙuri a kan kalmar da ya faɗa. Maigida ya ce ya wuce.

Dogo ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo. "Amma fa Baba, fenaritin nan babu ita."

"Akwai ta. Zauna in zana maka."

Suka share awa guda suna zane a bayan ambulan ɗin wasiƙa, ni ina kawo ruwa ina dariya.

Makarantar Dogo ta sha kashi a wasan kusa da na ƙarshe, yana kallo daga cikin 'yan kallo, hannu a aljihu. Wasu iyaye sun daina gaishe ni a hanya na ɗan lokaci. Kamfanin inshora ya amince bayan sati uku, aka yi tiyatar, ta yi kyau. Likita ya ce wata takwas kafin a yi maganar gudu. Maigida ya ce shida. Na ce su biyun su sasanta, ni dai na ɓoye takalman ƙwallonsa.