Ranar da Aghali Ya Wuce Surukinsa Baki Buɗe

Shekara ashirin ina gyaran babura, waɗanda muke ce wa moto, a bakin kwaltar Tanout, ban taɓa koya wa mutum tuƙi ya ci mini rai kamar Aghali ba. Makiyayi ne daga wajen Tenhya, dogo, ya haura arba'in, a kan raƙumi ya girma. Kwana uku ya ƙware a rairayi, inda 'yan gari ke shan ƙasa. Amma da zarar tayarsa ta taɓa kwalta ya hango babbar mota, ko tana can nesa kamar ƙwaro, sai ya gangara daji, ya kashe inji, ya riƙe kan babur gam yana lallashinsa har motar ta wuce. Wai kada ya firgita.

"Wa zai firgita?" na ce masa. "Moto ko kai?"

"Mu duka," in ji shi.

Da don sha'awa yake koyo, da tuni na sallame shi. Amma matarsa Kadi wata takwas ke nan tana gidan mahaifinta, tsoho Rissa, a nan cikin gari. Haihuwarta ta zo da gardama, a kan raƙumi aka kawo ta likita, wuni guda ana tafiya, da ƙyar ta sha. Rissa ya rantse ba za ta koma daji ba sai mijinta yana da abin da zai kawo ta gari da sauri, kuma sai ya ga tuƙinsa da idonsa, a kan kwalta, ranar kasuwa. Aghali yana kewar matarsa ƙwarai, har ya rame.

Ranar kasuwa na hau bayansa, muka zaga ta daji, muka ɓullo hanyar Agadez nesa da gari. Na gaya masa in ya gangara daji yau, ya nemi wani malamin.

Motar farko tirela ce, an lafta mata kaya har sama, mutane zaune a kan kayan. Na ji bayansa ya ƙage kamar itace.

"Bi hannunka! Kar ka dube ta, dubi gabanka!"

Ta wuce fuuu, iskarta ta mare mu, babur ya yi rawa ya daidaita. Sai na ji wata ƙara daga cikin rawaninsa, na ɗauka kuka yake. Ashe dariya ce.

"Barmo! Ta tahi! Kamiyon ba ta ci mu ba!"

Daga nan fa sai Allah. Ta biyu ta zo, ya yi mata sannu da hanya. Ta uku ya kira ta ƙanwar ta farko. Ya wuce amalanken jaki, ya leƙa, ya duba madubi yadda na koya masa, ya wuce wata tsohuwar mota cike da raguna, yana waƙa da yarensu iya muryarsa. Ni da na zo faɗa sai ga ni ina buga kafaɗarsa ina ihun ya ƙara wuta, gemai-gemai da ni. Allah ya yafe mini, amma na ji daɗi.

Cikin wannan hauka iska ta zame masa amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki da hanci, ya sauka har ƙasan haɓa. A wajensu namiji ba ya buɗe baki gaban surukinsa, amawali sai an ja shi har gindin ido. Shekara goma sha biyu da aurensa, Rissa bai taɓa ganin haƙoransa ba.

Muka iso bakin gari, hanya ta cushe. Motar mai na biye da mu, bas na tahowa ta gaba, ga tsoho Rissa tsaye gindin bishiya kusa da rumfata, ya dogara sanda. Aghali ya gan shi. Hannun hagu ya saki babur ya nufi fuska, na dama ya bi shi. Babur ya karkata tsakiyar hanya, motar mai ta danna hon har cikin hanjina.

"Aghali! Moto!"

Hannuwan suka tsaya a iska kamar ƙiftawar ido, sannan suka koma suka cafke kan babur. Ya dawo gefensa na hanya, ya rage wuta, bas ya wuce. Haka muka gifta ta gaban surukinsa, fuska a buɗe tar, haƙora duk a waje, dariyar ba ta gama barin bakinsa ba.

A rumfata ya tsaya, ya naɗe fuska har ido ma da ƙyar.

"Shi ke nan, Barmo. Ya ga bakina. Ba zai ba ni ita ba."

Tausayinsa ya kama ni. Sai ga tsohon yana tahowa a hankali. Ya tsaya yana kallon gefe, da ni ya yi magana, don ba ya yi da suruki kai tsaye.

"Barmo, gaya ma abokinka idona ya yi rauni, ban ga huskar kowa ba. Hannuwa dai na gani, sun koma inda ya kamata."

"To, Baba."

"Ka ce mishi ya zo ya ɗauki iyalinshi. In ya goyo ɗiyata kuwa, ko ni ya gani bisa hanya, ko uban da ya haihe shi, ya wuce abinshi. Gaisuwa ta jira."

Nan take Aghali ya tada babur.

Da la'asar suka wuce ta gaban rumfata, Kadi a baya da yarinya a goye, tirela na biye da su. Na miƙe na ɗaga masa hannu biyu ina kiran sunansa. Ko waiwayowa bai yi ba, ni da na koya masa. Ban taɓa jin daɗin a ƙi gaishe ni ba sai ranar.