Kujerar Alhaji Tukur Ta Kafe

Ni Lado maƙeri ne ɗan maƙeri, kuma ba na jin kunyar faɗa. Garma da lauje na fara ƙerawa a gaban ubana a Makarfi, kafin in tafi Zariya in shekara tara ina bugun jikin mota. Na dawo gida da gudumomi da sufana, na kafa rumfa a bakin tasha. Duk lorin da ya lotse tsakanin Ikara da Kudan, wurina ake kawo shi. Ba ni da gona, ba ni da shanu. Sunana kawai gare ni, kuma shi ne Alhaji Tukur na Nasarawan Doya ya so ya ɓata, shekara biyu bayan an ba mu mulkin kai.

Alhaji Tukur dillalin mazarƙwaila ne. Da Turawa suka fara ɗaure kayansu, ya sayi tsohuwar motar ɗaya daga cikinsu, irin ta Amurka ɗin nan mai tsawo kamar kwalekwale. Motar ta ga duniya, amma tana da abin da ba a taɓa gani ba a wajenmu. Kujerar gaba doguwa ce guda ɗaya, direba da na gefensa duk a kanta suke zama, kuma da kanta take tafiya. Ka danna wani ɗan maɓalli a gefe, sai ta yi gurnani ta matsa gaba ko baya. Saboda ita Alhaji ya ƙi zaman baya irin na manya. Gaba yake zama, in jama'a sun taru ya danna, kujera ta kai shi ta dawo da shi, mutane suna salati.

Ni na fara duba motar. Ƙofar ɓangarensa ta sunkuya, sai an ɗaga an banka take rufuwa. Na kwance hinji, wato ƙarfen da ƙofa ke lilo a kai, na sauya kusar da ta cinye, na sa jak na ɗago ƙofar a hankali har bakinta ya yi daidai da jikin mota, na ɗaure. Da yatsa ɗaya take rufuwa. Kujera kuwa na share layin ƙarfen da take bi, na shafa giris.

Na kuma gaya masa gaskiya, ya daina zama da ƙofa a buɗe yana karɓar gaisuwa. Tun da aka sa shi a majalisar gunduma, duk inda ya tsaya sai an yi masa layi. Kowane ƙato ya tsuguna, ina kwana, ina gajiya, ina gida, yaya rake, in ya gama ya kama ƙofa ya miƙe da ita. Mutum hamsin a yini. Ko ƙofar gari ce ai ta gaji. Ya yi dariya ya ce in ji da ƙarfe, in bar masa mutane.

Bayan wata uku sai na ga aiki ya ɗauke. Lori ya zo tasha da gefe a lotse, ya wuce rumfata kamar ba ya ganina. Mako biyu ban ɗaga guduma ba. Ya'u, direban Alhaji, shi ya zo ya fasa mini ƙwai. Ya'u dattijo ne, gajere, mai 'ya'ya biyar, ba ya son fitina. Ya ce maigidansa yana bin kasuwanni yana cewa ni maƙerin garma ne, na lalata masa ƙofa, na kuma sace hanjin kujera na sayar a Zariya, shi ya sa ta tsaya cak.

Na tambaye shi a ina ta tsaya. Ya ce can ƙarshen baya. Yanzu da matashin kai biyu a bayansa yake tuƙi, da babban yatsa yake taɓo birki. Shekaranjiya a Dandamisa jaki ya gitta, matashin kai ya zame, ya nemi birki ya rasa, suka rungumi bishiyar kuka. Gaban motar ya lotse kamar tsohon kwano. Ya ƙara da cewa akwai wani wari a motar, Alhaji kullum sai ya zazzage kwalbar turare, kuma ya hana kowa leƙa ƙarƙashin kujera, ko shara ba a yi.

Ranar kasuwar Makarfi na ɗauki kayan aikina na nufi gindin durumin da Alhaji ke tsayawa. Yana zaune, ƙofa a wangale, wani yana rataye da ita. Na jira layi ya zo kaina, na tsuguna na gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ban rage komai ba. Da na gama na miƙe da gwiwoyina, na ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, na ji an ce ni ɓarawo ne. To ga ni, ga mota, ga jama'a. Zan buɗe kujerar nan a gaban kowa. In ko noti ɗaya ya ɓata, a kai ni gaban alƙali."

Ya ce ba yau ba, yana da baƙi. Dattawan tasha suka ce a'a, maganar Lado tana kan hanya, wanda aka zarga a kasuwa a kasuwa ake wanke shi. Da ya ga ba mafita, sai ya ce to in fara da ƙofa da gaban mota. Na san jinkiri yake nema, yana fatan kasuwa ta watse. Na ce ba laifi.

Na zare kusar hinji na ɗaga kowa ya gani. Sabuwar da na sa ce, ta lanƙwashe kamar ƙugiya. Na ce wannan ba aikin guduma ba ne, aikin masu gaisuwa ne, kuma rabinsu suna nan tsaye. Aka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Na sa wata, na daidaita ƙofa. Gaban motar kuwa na shiga ta ciki, na tokare da jakar yashi, na bi lotsawar daga gefe-gefe ina bugu a hankali har tsakiya ta taso da kanta. Wanda bai iya ba tsakiya yake fara duka, ya mayar da kwano ɗaya kwano goma. Kafin azahar na gama. Ba wanda ya tafi. Har masu rake sun bar rakensu sun zo kallo.

Sai kujera. Noti huɗu ke riƙe da ita. Ina durƙusawa warin ya doke ni ta ƙarƙashin turaren, kai ka ce an fesa wa mushe turare. Na kwance na tura ta baya, na sa kaina ciki, jikina ya tare wa mutane gani.

Na taɓa ciro mataccen kare daga ƙarƙashin lori, amma ban taɓa ganin ƙazanta irin wannan ba. Ƙahon rago ne an naɗe shi da baƙin ƙyalle, an cusa shi daidai kan layin da kujera ke bi. Kewaye da shi ruɓaɓɓun ƙwai, sun fi goma, da kan zakara. An jera curin mazarƙwaila, zafin mota ya narkar da ita, ta malala ta haɗu da jini da giris ɗina ta zama wani baƙin kunu. Tsutsa tana iyo a ciki. Wani ɓera ya zo shan zaƙi, ya cinye wayoyi, ya manne a wurin ya kumbura. Ɗan injin kujerar yana nan lafiya lau, ba abin da ya ɓata, an dai binne shi da rai.

Sai na ji numfashin Alhaji a kunnena. Ya sunkuyo kamar mai duba aiki.

"Lado, rufa mini asiri, Allah ya rufa naka."

Cikin raɗa ya ce an kusa sake zaɓen 'yan majalisa, kuma akwai mai neman wurinsa. Wani boka a Kurmin Kogi ne ya ba shi ƙahon, ya ce ya sa a ƙarƙashin kujerarsa, yana ba shi ƙwai da zaƙi duk mako, kujera za ta kafe, ba mahalukin da zai iya gusar da ita.

"Wace kujerar ya ce maka, Alhaji?"

"Kujerata ya ce. A majalisa kan benci muke zama, mu takwas. Wannan ce kaɗai tawa."

"To ai bokanka ya iya aiki. Ta kafe."

Ya roƙe ni in mayar da kujera yadda take, in bar ƙahon har a gama zaɓe. Na ce ƙafar Ya'u ba ta kai birki. Ran nan bishiya ce, gobe ɗan wani ne. Ƙaho zai fita yau. Abin da ya rage masa zaɓi ɗaya ne, ko ya fita a rufe, ko in ɗaga shi sama kowa ya ga abin da mai zuwa Makka yake kiwo a mota. In yana son a rufe, ya miƙe ya wanke ni da bakin da ya ɓata ni.

Ya miƙe ya gyara babbar riga, ya fara wani gunaguni wai an samu rashin fahimta. Na sa awartaki na kamo ƙahon na ɗago shi kaɗan, daidai inda shi kaɗai zai gani. Nan take muryarsa ta buɗe. Ya ce jama'a su shaida Malam Lado bai ɗauki komai nasa ba, aikinsa aiki ne, shi ne ya yi masa ƙazafi, kuma ya janye. Na ce na bayan can ba su ji ba. Ya sake faɗa.

Aka tambaye ni me ya tare kujerar. Na ciro ɓeran ta wutsiya na jefar a fili, mutane suka dare suna toshe hanci. Na ce ɓera ne da mazarƙwaila. Ban yi ƙarya ba. Sauran na kwashe cikin tsohuwar garwa na rufe da buhu.

Tafasasshen ruwa tulu biyu na ƙarar, sannan kananzir, ina kankara da wuƙa. Na haɗa wayoyin da ɓera ya ci, na shafa sabon giris, na ɗaure noti. Na ce wa Ya'u ya jefar da matasan kan nan ya hau. Ya danna maɓalli, kujera ta yi tari, ta yi gurnani, ta kawo shi gaba. Ya taka birki da tafin ƙafa gaba ɗaya, ya sake takawa.

Na miƙa wa Alhaji garwarsa. Na zaci zai sa a zubar. Sai ya karɓa da hannu biyu, ya shiga mota, ya ɗora ta a cinya, ya lulluɓe da rigarsa mai aska takwas.

Kwana uku hannuna yana wari. Na wanke da toka, na wanke da lemun tsami, a banza. Matata Indo ta ce ba zan sa shi cikin tuwonta ba, da cokali na ci kamar Bature. Amma washegarin kasuwa lori biyu na tarar a bakin rumfata, direbobin suna ta ina kwana Malam Lado, kamar ba su ne suka yi mako biyu suna wuce ni ba.

Ina cikin bugun na farko motar Alhaji ta zo ta tsaya a gindin durumi. Ya wangale ƙofa. Wani ƙaton mai rake ya tsuguna, ya yi gaisuwarsa mai tsawo, ya kai hannu ya kama ƙofar da na daidaita jiya. Na tofar da yawu, na juya musu baya, na ci gaba da buguna.