Kalmasar Inna Hansai

Na shiga aron rariya, na tarar Inna Hansai ta sa almakashi a tsakiyar shuɗiyar atamfarta, wadda ko ranar Sallah sai ta yi shawara da zuciyarta kafin ta ɗaura.

"Inna, lafiya kuwa? Ita ce fa mai tsadar."

"Shi ya sa na fara da ita," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kama mani can, Matar Malam."

Katanga ɗaya ce tsakaninmu a Batsari. Mu aikin koyarwa ya kawo maigidana. Ita kuwa daga Ruma ta gudo, shekarar da 'yan bindiga suka kashe ɗanta Mani a gona. Ta iso da keken ɗinkinta da 'yar marigayin, Jannatu, wadda uwarta ta rasu tun wajen haihuwarta. Da yadi ya fi ƙarfin mutane, duk unguwa ta koma ƙofarta. Tsohuwar babbar riga za ta shiga ɗakinta, ta fito wandunan yara. Ƙyallen da tela zai share ya zubar, ita sai ta harhaɗa shi ya zama shimfiɗar jariri. Ban taɓa ganin mai rowar zare kamarta ba. Ko guntun da ta zaro daga tsohon ɗinki, a tsinken tsintsiya take naɗe shi, kuma na sha yi mata tsiya a kai.

A daminar nan ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya soma yi mata wuya. Ta san abin da ake ciki, ba ta kuma ɓoye mini ba. Ta ce in ta cika, duk abin da ke akwatinta gado ne, na ɗanta Daudu ne, manomi a Karare mai tarin iyali. Jannatu jika ce, ubanta ya riga tafiya, ba ta da rabo. Ba ta zargi Daudu ba. Ta ce zai riƙe yarinyar ya ciyar da ita, amma zannuwan nan ranar kasuwa za su zama masara, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

"Zane ana sai da shi," ta ce. "Rigar yarinya kau, wa za ya saya? Tun ina da rai na ba ta."

Da Daudu ya zo dubiya ya ga akwatin ya yi ƙasa, sai ya daɗe yana kallon yankakkun atamfofin. Na ɗauka faɗa zai yi. Ya tashi ya fita, can sai ga shi ya dawo da zare.

Tunda ba ta iya taka keke, ni aka ɗora, ni da ko maɓalli ban iya sawa ba. Ina takawa, tana gefe tana jan yadin tana yi mini faɗa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kalmasar. Bakin kowace riga sai ta ninke shi ciki faɗin tafin hannu, ta kama shi da allura, ta ƙara ninkewa, ta sake kama shi daban, ɗinki sako-sako. Na ce wannan ai ɓarnar yadi ce, daga mai rowar zare kuma.

"Yarinya tsawo take yi, ba ta jiran kowa," ta ce. Ta miƙo mini reza. "Ba ɗinki nike koya maki ba, kanki ba ya ɗauka. Farkewa kawai. Daudu za ya riƙa kawo maki ita."

Ta rasu da hantsi, bayan ta sha kunu, allura na soke a kalmasar rigar ƙarshe. Na yi kuka kamar uwata ce. Bayan addu'ar bakwai na ƙarasa rigar, ɗinkina ya karkace, na bar shi haka. Daudu ya tafi da Jannatu da ƙullin kayanta.

Damina ta zagayo, ran kasuwa sai ga sallamarsa. Jannatu na bayansa cikin shuɗiyar rigar, ta koɗe, ta ɗage har ƙwauri.

"Gwaggo, ta yi mani kaɗan," ta ce a hankali.

"Ba ta yi ba. Hau turmin nan ki tsaya."

Na durƙusa, na yanke ƙulli ɗaya da reza, na ja. Yadin ya sauko har idon sawu, shuɗinsa shar kamar ranar da na riƙe wa Inna shi. Jannatu ta sunkuya ta shafa bakin rigar, ta ji kaurin ninkin da ya rage.

"Akwai saura?"

"Akwai," na ce.

Zaren ya fito ɗungurungum, bai tsinke ba. Na karya tsinken tsintsiya na naɗe shi.