Hannun Kuwabara

Shekara ashirin da shida Kuwabara Shigeo ya yi a kamfanin gwangwanin kifi, kuma ba a taɓa jin ya ce uffan ba. Irin mutumin nan ne da ko a waya yake magana da manya sai ka gan shi yana rusunawa. Duk takardar da ta biyo ta teburinsa, sai ya ciro ɗan hatiminsa, ya dangwala a jar tawada, ya buga a gidan ƙarshe na sa hannu, a ɗan karkace, yadda sunansa zai riƙa sunkuya wa sunan manaja. Haka aka koya masa tun yana sabon shiga. Burinsa bai wuce ya cika shekara biyun da suka rage masa kafin ritaya ba, a miƙa masa furanni, ya fita da mutuncinsa.

Sai ofishin kula da ma'aikata ya raba takardar jin ra'ayi: kana jin daɗin aikinka? Kada kowa ya sa suna, a jefa a akwati. A makon nan ne mahaifiyarsa ta cika a asibiti yana zaune a wani taron banza, don haka ya rubuta gaskiya. Aiki ya yi yawa. Waya ba ta barin mutum ya numfasa. Manaja Terasaki yana yi wa manya tsawa a gaban na ƙasa da su. Ya ninke takardar, ya jefa, ya ji ƙirjinsa wasai. Sai da ya dawo mazauninsa ya ga murfin tawada a buɗe, ga ja a babban yatsansa. Ashe hannunsa ya buga hatimin a ƙasan takardar ba da saninsa ba.

Ranar Litinin, a taron safe, Terasaki ya ɗaga takardar sama.

"Ku duba nan," in ji shi. "Daga sama zagina ake, daga ƙasa ana durƙusa mini. Wannan ita ce tarbiyya."

Aka yi dariya, har da waɗanda Kuwabara ya koya wa aiki.

"Kuwabara, mun ji kukanka. Daga yau ka huta."

Aka kai shi hawa na uku, ɗakin da ake jibge tsofaffin kwalaye. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, babu waya, babu kwamfuta. Ya shigo ƙarfe takwas, ya fita ƙarfe biyar, ba barci, ba jarida. Ba su kore shi ba, ai kamfanin kirki ba ya kora. Jira kawai suke ya gaji ya rubuta takardar ajiye aiki da hannunsa. Kowace yamma sai ya cike rahoto: aikin da na yi yau, babu. Ya buga hatimi. Matarsa kuwa, da ba ta san komai ba, kullum tana shirya masa shinkafa da soyayyen ƙwai, tana ce masa kada ya kashe kansa da aiki. Yakan ci yana kallon bango, kunya tana cin sa.

Da shekara ta zagayo, Terasaki da kansa ya hawo da sabuwar takarda.

"Yaya, dattijo? Aikin ya yi yawa?"

"A'a, Manaja."

"Waya fa, tana damunka?"

"Ba ta damuna."

"Wani ya yi maka tsawa?"

"Wata goma sha ɗaya ke nan ba wanda ya yi mini magana."

"To ka gani. Rubuta."

Kuwabara ya sa alama a inda aka ce ina jin daɗi ƙwarai, ya tura masa.

"Hatimin fa? Kai ai ba ka ɓoye kanka. A allon sanarwa za mu manna ta, sababbi su ga muna sauraron ma'aikata."

Kuwabara ya ciro hatimin. Ya tsani mutumin nan har cikin ransa, kuma abu ɗaya tak ya rage masa da zai iya yi: yau zai buga sunansa a miƙe, tsaye ƙyam, duk mai wucewa ya gani. Ya daidaita hatimin, ya sake dubawa, ya riƙe numfashi, ya danna.

Da ya ɗaga, sunan yana nan a sunkuye kamar kullum.

Terasaki ya hura tawadar don ta bushe. "Madalla," ya ce. "Hannunka ya fi ka hankali."